Waiwaye: Lissafin da Ke Bayan Dogon Layin Asibiti

Duk sanda aka taso da zancen cunkoson asibiti a Gombe, magana ɗaya ake ji: a ƙaro ma'aikata. Ana buƙatarsu kam. Amma masana lissafi sun haura shekara ɗari suna nazarin layi, kuma abin da suka gano bai tsaya nan ba.

A 1909 Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho a Denmak, ya fara lissafin jiran kira. A 1961 masanin lissafi John Kingman ya nuna yadda jira ke tashi in aiki ya kusa cinye lokacin ma'aikaci. A ce likita na ɗaukar kimanin minti 5 kan mutum, zuwan jama'a da tsawon dubawa kuma ba su da tsari. In yana cikin aiki kashi 80 na lokacinsa, jira kusan minti 20 ne. A kashi 95, minti 95.

Sai dai tebur ɗaya, wato wurin aiki ɗaya kamar na likita, wannan lissafin ya duba. Majinyaci kuwa kati yake yanka, ya ga likita, ya je gwaji, ya dawo, sannan ɗakin magani. Wa likita zai fara gani, sabon zuwa ko mai takardar gwaji a hannu? In tebura suka yi yawa, cikakkiyar amsa takan gagari ko kwamfuta.

Nan aikin Michael Harrison na Jami'ar Stanford a 1988 ya shigo. Dabararsa ita ce, in cunkoso ya tsananta a daina ƙirga mutane ɗaya-ɗaya, a ɗauki layin kamar ruwan tafki mai hawa da sauka, da lissafin da ake kira motsin Brown, wato lissafin abin da ke motsi ba tare da tsari ba. Sai a nemo teburin da ya fi nauyi, a tara mintunan aikin da ke jiransa, har da na waɗanda ke layin kati tukuna. A warware wannan ƙaramar matsala, a mayar da amsar ƙa'idar aiki: kada teburin nan ya zauna banza alhali aikinsa na maƙale a baya, don mintin da ya rasa da wuya ya rama shi. Ƙiyasi ne fa, kuma yana daidai ne kawai in nauyin ya kusa kashi ɗari.

A 1991 masana biyu, Lu da Kumar, suka nuna cewa mugun tsarin fifiko, wato na zaɓen wanda za a fara gani, na iya sa layi ya yi ta tsawo ko da kowane tebur na da sauran lokaci, domin tebura biyu kan riƙa hana juna aiki bi da bi.