Kwalejin Horon Malamai ta Akropong

Kwalejin Horon Malamai ta Akropong tana cikin garin Akropong, a kan tsaunukan Akuapem da ke yankin Gabashin ƙasar Gana. 'Yan Mishan na Basel ne suka kafa ta a shekarar 1848, kuma ita ce makarantar horon malamai mafi tsufa a ƙasar. A Afirka ta Yamma, Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda aka buɗe a 1827, ita ce ta girme ta. Har yau cocin Presbyterian na Gana, wanda ya gaji mishan ɗin, yana yi mata kirari da "uwar makarantunmu".

Tushen makarantar yana cikin wahalar da mishan ɗin ya sha tun farko. 'Yan mishan huɗu na farko da suka taso daga birnin Basel na ƙasar Siwizalan sun sauka a Christiansborg, bakin teku, a ƙarshen 1828, lokacin da wurin yake hannun Denmak. Kafin shekara uku ta cika zazzaɓi ya kashe su duka. Andreas Riis, wanda ya iso a 1832, shi ma ya binne abokan tafiyarsa biyu, sai ya bar gaɓar teku ya hau Akropong a 1835 don neman iska mai sanyi. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya karɓi addinin. A 1843 aka kawo Kiristoci baƙar fata daga Jamaika da Antigua, domin mutanen gari su ga cewa Kiristanci ba na Turawa kaɗai ba ne. Daga nan makarantar yara ta kafu, sai kuma buƙatar masu koyarwa ta taso. Mishan ɗin ya gane cewa idan ba 'yan ƙasa ne suka riƙe aikin ba, to zai ci gaba da shiga kabari tare da masu kawo shi.

An buɗe kwalejin da ɗalibai biyar, a ƙarƙashin Johann Dieterle. Cikinsu akwai David Asante, wanda daga baya ya yi karatu a Basel, aka naɗa shi fasto a 1862, ya dawo gida ya yi aikin bishara da fassara. Tsarin karatun an ɗauko shi ne daga makarantun malamai na yankin Württemberg a Jamus: a tashi da asuba, a yi addu'a, a yi karatu, a yi aikin hannu da na gona, ga kuma horo mai tsanani. Wanda ya gama yakan fita da aiki biyu a wuyansa. Ranakun mako malamin aji ne, ran Lahadi kuma shi ne mai wa'azi a ƙauyen da aka tura shi. Irin waɗannan malamai masu bishara su ne suka kai karatun boko lungunan Akuapem da Akyem da Kwahu.

Babban abin da ya bambanta Akropong shi ne riƙon harshen uwa. Mutanen Basel sun dage a koyar da yaro da harshen da ya sha a nono kafin Turanci. Johann Gottlieb Christaller, tare da 'yan ƙasa irin su David Asante, ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Twi a 1871, ya fitar da nahawu a 1875, da ƙamus a 1881. Shi ya sa karin Twi na Akuapem ya zama na rubutu tun da wuri. Wannan gado ya fi gine-ginen makarantar daraja, don shi ya ba talaka damar karanta wasiƙarsa da kansa.

Yaƙin Duniya na Farko ya yanke zamanin Basel. A 1917 gwamnatin Ingila ta kori Jamusawan da ke cikin mishan na Basel daga Gwalkwas, wato Gana ta yau, aka miƙa makarantunsu ga mishan na Sikotlan.

Makarantar da ta girmama harshen mutane ba ta yi wa tufafinsu da kiɗansu irin wannan adalci ba. Ephraim Amu, malamin kiɗa a kwalejin, ya riƙa tsara waƙoƙi da Twi da salon gargajiya, yana koyar da kiɗan ganguna. Da ya hau mumbari sanye da zanen gargajiya a madadin kwat, shugabannin coci suka ce ya daina, ya ƙi, aka sallame shi. A 1934 ya koma koyarwa a makarantar Achimota da ke Accra. Hukuncin bai dace ba, kuma daga baya cocin kansa ya rungumi waƙoƙinsa ya karrama shi.

Bayan Gana ta sami 'yancin kai a 1957, kwalejin ta ci gaba da aiki cikin tsarin ilimin gwamnati, cocin kuma yana da hannu a tafiyar da ita. Yanzu tana ɗaukar maza da mata, har da ɗalibai makafi. Tun 2018, kamar sauran kwalejojin ilimi na ƙasar, tana ba da karatun digiri na shekara huɗu a fannin koyarwa.