Aikin Ɓoye na Gwamnatoci a Ƙasashen Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya raba aikin ɓoye da leƙen asiri?

Ɗan leƙen asiri labari yake tarawa. Aikin ɓoye kuwa tsoma hannu ne cikin harkar wata ƙasa: a ba 'yan tawaye makamai, a sayi 'yan jarida da 'yan siyasa, a kifar da gwamnati, wani lokaci ma a kashe mutum. In aka tambaya, sai a ce ba a san zancen ba.

Akwai lokacin da ya zama dole?

Akwai. Idan an yi garkuwa da mutane, ko ana kitsa hari, shelanta shiri daidai yake da miƙa wuyansu ga wuƙa. Sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yarda ƙasa ta kare kanta. Sai dai a ganina, sirrin kwana biyu don ceton rai daban, sirrin shekaru don rufa wa masu mulki asiri daban.

To ina matsalar take?

Wanda ya shirya ba shi ke ɗanɗana kuɗa ba. A 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka kifar da Firaminista Muhammad Musaddik na Iran, bayan ya maido da man fetur hannun ƙasarsa. Sarki Shah ya ci gaba da mulkin kama-karya har juyin juya halin 1979, kuma sai a 2013 CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta amsa da bakinta cewa da hannunta.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne na Pakistan. Lokacin farautar Usama bin Laden a 2011, CIA ta yi amfani da wani likita ya shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad, don a kusanci gidan da ake zargi. Da allura ta tono garma, masu ɗauke da makamai suka samu hujjar da suke nema. Daga ƙarshen 2012 aka shiga harbe ma'aikatan rigakafin shan inna, da yawansu mata ne masu bi gida-gida da 'yar jakar sanyi a kafaɗa. Iyaye suka riƙa rufe ƙofa. Yaron da ya shanye saboda ba a ɗiga masa maganin ba, me ya sani game da wannan shiri? A 2014 fadar shugaban Amurka ta yi alƙawarin ba za a sake fakewa da rigakafi ba.

Wa ke sa ido a kan masu wannan aiki?

Majalisar dokoki ya kamata, kuma tun kafin a aikata. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church na majalisar dattawan Amurka ya bankaɗo cewa CIA ta shirya sa wa Firaminista Patrice Lumumba na Kongo guba. Shekara ɗaya bayan haka Shugaba Ford na Amurka ya haramta kisan siyasa ga jami'an gwamnatinsa. Beljiyam kuwa, wadda ta yi wa Kongo mulkin mallaka, sai a 2002 ta nemi gafara kan rawar da ta taka a kisan Lumumba na 1961, haƙorinsa da ya rage daga gawarsa kuma sai a 2022 aka miƙa wa iyalinsa.