Tsofaffin coci-coci idan ka yi tafiya: wai me ake kallo ne a ciki?

Tambaya: Gini ne dai na dutse, me zai sa mutum ya tsaya a dogon layi don ya shiga?

Amsa: Idan shiga kawai za ka yi ka ɗaga waya ka ɗauki hoto ka fito, to gaskiya ka ɓata ƙafarka, duk iri ɗaya za ka gan su. Abin da nake gaya wa mutane kullum shi ne da ka shiga ka ɗaga kai sama ka tambayi kanka, wannan rufin dutsen mai uban nauyi me ya riƙe shi bai faɗo ba, kuma ta ina haske ke shigowa? Rigimar da magina suka yi ɗaruruwan shekaru suna fama da ita ke nan, don bango in ka huda shi ka sa taga ya yi rauni, in kuma ka bar shi da kauri ciki ya yi duhu kamar kogo. Kowace tsohuwar coci amsar wani magini ce ga wannan matsala, kuma ba siminti irin na yanzu ba rodi ba injin ɗaga kaya sai na katako da igiya.

Tambaya: To ta yaya zan gane wannan na wane zamani ne, ni da ban karanci zanen gine-gine ba?

Amsa: Kalli bakar ƙofa da ta taga. In ka ga baka zagayayya kamar rabin faranti, bango mai kauri, tagogi 'yan ƙanana, ginshiƙai gajeru masu ƙiba, wannan salon Romanesk ne, galibi ƙarni na 11 da na 12. In kuma bakar ta yi tsini a sama, ginin ya miƙe kamar zai taɓa gajimare, tagogi manya-manya, to Gotik ke nan, wanda ya fara daga cocin Saint-Denis kusa da Paris wajen 1140. Dabararsu ita ce baka mai tsini tana tura nauyi ƙasa fiye da gefe, sannan sauran nauyin da ke son ya ture bango waje sai su tokare shi da wasu hannaye na dutse daga wajen ginin, shi ya sa in ka zagaya bayan cocin Notre-Dame ta Paris za ka ga kamar haƙarƙarin wata ƙatuwar dabba. Ba ado ba ne, su ne ke riƙe da ginin, da aka samu wannan sai bango ya huta aka mayar da shi gilashi.

Kuma fa ba kullum suke dacewa ba. A Beauvais a Faransa sun kai rufi mita 48, a 1284 wani ɓangare ya rufto, har yau cocin ba a ƙarasa ta ba. Ni wannan ta fi burge ni a kan waɗanda suka kammalu lafiya, don a nan kake ganin iyakar abin da dutse zai iya ɗauka.

In ka shiga ka ga zinariya ko'ina, marmara kala-kala, rufi an zane shi kamar sama ta buɗe, wannan Barok ne na ƙarni na 17, Roma cike take da su. Ni dai yana gajiyar da idona, amma akwai masu mutuwar son shi.

Tambaya: Kubba fa? Na ɗauka ta masallaci ce.

Amsa: Kowa ya ara wajen kowa. Ayasofiya ta Istanbul sarki Justinian ne ya gina ta a matsayin coci tsakanin 532 da 537, shekara biyar kacal, kubbar farko ta faɗi a 558 bayan girgizar ƙasa aka sake ta da ɗan ƙarin tsayi. Akwai tagogi 40 jere a gindin kubbar, in rana ta shigo sai ka ga kamar ba ta zaune a kan komai. Bayan 1453 ta zama masallaci, daga baya gidan tarihi, a 2020 ta koma masallaci, kuma manyan masallatan Daular Usmaniyya da ke kusa da ita daga jikinta suka ɗauki fasali. A Kurɗuba ta Andalus kuma akasin haka ne, masallacin da aka fara a 785 ya koma coci a 1236, daga baya aka dasa babbar coci a tsakiyar dajin ginshiƙan nan masu baka ja da fari.

Sai kubbar babbar cocin Florence a Italiya da magini Brunelleschi ya yi daga 1420 zuwa 1436, kubba biyu ce ɗaya cikin ɗaya, bulo sama da miliyan 4, kuma bai kafa katakon tallafi daga ƙasa ba don faɗin ya wuce abin da katako zai iya. In gwiwarka na da ƙarfi ka hau matakala 463 ɗin, tsakanin kubbobin biyu za ka bi ka ga yadda aka saƙa bulon da idonka.

Tambaya: Me ya sa wasu ɓangaren dama bai yi kama da na hagu ba?

Amsa: Saboda wanda ya fara ba shi ne ya gama ba, ko jikansa ma. Babbar cocin Kolon a Jamus an aza tubalinta a 1248, kuɗi suka ƙare aiki ya tsaya, injin ɗaga dutse na katako ya zauna a kan hasumiyar da ba a gama ba kusan shekara 400 har ya zama alamar gari, sai 1880 aka kammala. A cocin Chartres ta Faransa hasumiya ɗaya ta ƙarni na 12 ce sumul ba ado, ɗayar kanta na ƙarni na 16 ne duk sassaƙa. Sagrada Familia ta Barcelona tun 1882 ake yi, mai zanenta Gaudi ya rasu a 1926 ya bar ta. Saboda haka in ka ga launin dutse ya canza a tsakiyar bango ko taga ta sauya fasali, ka tsaya a wurin, nan wani zamani ya ƙare wani ya ɗora.

Tambaya: Duk a Turai suke ke nan?

Amsa: Ina! Lalibela a Habasha coci 11 ne kuma ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi daga dutse guda tun wajen ƙarni na 12 zuwa 13, daga sama ake farawa ana haƙawa ƙasa, wato rufi ne farko ƙofa daga baya, in ka yi kuskure ba gyara don ba a mayar da dutsen da aka sare. Ɗaya daga cikinsu, Bete Giyorgis, siffar gicciye gare ta, kana tsaye a bakin rami rufinta na daidai ƙafarka. A tsohuwar Alƙahira ma akwai cocin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ake kira Mu'allaƙa don a kan ƙofar ganuwar Rumawa take zaune.

Tambaya: Wanda ba Kirista ba za su bar shi ya shiga? Akwai dokoki?

Amsa: Ba mai tambayar addininka a ƙofa. Amma wurin ibada ne ba gidan kallo ba, a rufe kafaɗa da gwiwa, a cocin Saint Peter ta Vatican ana mayar da mutane kan wannan, maza su cire hular hana sallah, a Habasha kuma takalmi ake cirewa. In ana sujada ka dakata ko ka zauna a baya shiru, kar ka haura wajen bagade, wato teburin da ke can gaba inda limamin coci ke tsayawa, kar ka ɗauki hoton mai addu'a, kuma in an ce ba hoto to ba hoto.

Tambaya: Wane lokaci ya fi?

Amsa: Yawancinsu bagade na gabas ƙofa na yamma, don haka da safe tagogin can ciki ne ke kamawa, da la'asar kuma babbar tagar nan zagayayya da ke saman ƙofa. Gilashi mai launi daga waje baƙi ƙirin yake kamar datti, sai ka shiga rana na bayansa za ka ga launinsa. A Chartres akwai tagogi wajen 150 na tun ƙarni na 12 da 13, da yaƙin duniya na biyu ya taso ɗaya bayan ɗaya aka cire su aka ɓoye, in za ka je ka tafi da ƙaramin madubin hangen nesa don na sama ba sa ganuwa da ido kawai.