Me ake nufi da keke mai taimakon lantarki?

Keke mai taimakon lantarki, wanda masu jin Faransanci a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru ke gajarta sunansa da VAE, keke ne na gargajiya da aka ƙara masa ƙaramin inji da batir domin su rage wa mahayi nauyin tuƙi. Kalmar taimako ita ce ginshiƙin sunan, domin injin ba ya motsi sai mahayi ya fara murza feda, kuma da zarar ƙafa ta tsaya shi ma zai tsaya. A nan ne ya rabu da moto, wato babur, wanda ke tafiya ko da mai shi bai motsa ƙafa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta iyakance ƙarfin irin wannan inji a wat 250, ta kuma wajabta ya daina turawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, kuma da yawa daga cikin kayan da ake sayarwa a kan wannan ma'auni ake ƙera su.

Ba dole ba ne mutum ya sayi sabon keke, domin akwai kayan haɗi marasa nauyi da ake ɗaura wa wanda ake da shi a gida. Mafi sauƙin haɗawa shi ne wili mai inji a cibiyarsa, wanda ake sa shi a gurbin wilin gaba. Tare da shi akwai batirin litiyam, galibi mai volt 36, da ƙaramin akwatin da ke rarraba wuta, da wani faifai mai maganaɗisu da ake maƙalawa kusa da feda domin ya sanar da injin cewa ƙafa na juyawa. Duka-duka nauyin da suke ƙara wa keke 'yan kilo kaɗan ne, shi ya sa ko caji ya ƙare a hanya mutum zai iya tuƙo abinsa zuwa gida. Akwai kuma injin da ake ɗaurawa a wurin feda, irin wanda kamfanin Bafang na ƙasar Sin ya yi suna da shi, ya fi ƙarfi wajen hawan tudu irin na Ngaundare, amma ya fi tsada kuma yana saurin cinye sarƙa.

Lissafin batir ba shi da wuya. Batir mai volt 36 da amfiya 10 na awa yana riƙe da wat 360 na awa, yana cika cikin awa huɗu zuwa shida, kuma yakan kai mutum kilomita 30 zuwa 50 gwargwadon nauyin kaya da yanayin hanya. Ga mai kai kayan lambu kasuwa ko malamin makaranta da ke zuwa daga bayan gari, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman tun daga shekarar 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai, har farashin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can ana sayarwa a bakin hanya, ya tashi a garuruwanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40, alhali batirin litiyam bai kamata a yi masa caji ba idan zafinsa ya wuce digiri 45. Wanda ya dawo da tsakar rana ya jona batir nan take yana rage masa kwana, yana kuma jawo wa gidansa haɗarin gobara. Ya kamata a bar shi ya huce a inuwa, a yi amfani da cajarsa ta asali, kada a bar shi a jone a kwanta barci, ko da kuwa sai cikin dare ne aka dawo da wuta.

Sai kuma shi kansa keken. Tsofaffin kekunanmu masu birkin ƙarfe ba a ƙera su domin wannan gudu ba, saboda haka kafin a biya ko sisi a kai keken wurin mai gyara ya auna girman wili, ko inci 26 ne ko 28, ya duba ƙarfin ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, ya kuma sabunta robar birki.