Bugun hoto a hannun masassaƙi

Bugun hoto shi ne a sassaƙa ko a kwarzana siffa a kan katako, ƙarfe ko ƙwarya, a shafa tawada, a danna a takarda ko zane. Masassaƙa da dama suna yinsa tare da aikin mutum-mutumi, domin allon da ake bugu da shi ma sassaƙa ne. Bambancin yana nan: a mutum-mutumi zurfi da kauri su ne aikin, a bugun katako kuwa saman allo kaɗai ke ɗaukar tawada, duk inda wuƙa ta ci ya fito fari.

Tarihi a ƙasar Asante

A Ntonso, arewa da Kumasi a ƙasar Ghana, ana yanka hatimin adinkra, wato alamomin gargajiya da Asantawa ke bugawa a kan zanen sawa, daga ɓarin ƙwarya mai kauri, faɗinsa kamar santimita 5 zuwa 8, a soka masa tsinke uku ko huɗu a baya, a ɗaure kawunansu su zama mariƙi. Tawadar daga ɓawon itacen badie take, ana jiƙa shi, a daka, a dafa har ya yi kauri, a da ma har da kashin maƙera a ciki. Da yake ƙwarya tana da ɗan lanƙwasa, mai bugu ba ya danna hatimin lokaci guda, mirgina shi yake yi daga gefe zuwa gefe. Wani zanen adinkra da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya samu a Kumasi a 1817 yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Asalin sana'ar akwai saɓani: wasu na danganta ta da sarkin Gyaman, wata masarauta maƙwabciya, da Asantawa suka ci da yaƙi wajen 1818, wasu na ganin tasirin layu da hatiman Musulmi a wasu alamomin.

El Anatsui

Masassaƙi ne ɗan Ghana. An haife shi a garin Anyako a 1944, ya koyi sassaƙa a kwalejin zane ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya koma koyarwa a Nsukka ta Najeriya a 1975. Ayyukansa na farko farantan katako ne irin na 'yan kasuwa, yana ƙona alamomin adinkra a kansu da ƙarfe mai zafi. Daga baya ya shahara da murafen kwalabe da ake haɗawa da wayar jan ƙarfe. Katakan da ma'aikatansa suka yi shekaru suna huda murafen a kai sun cika da ramuka da tabo. Da haɗin gwiwar Factum Arte, wata ma'aikatar fasaha ta Madrid, aka ɗauki siffar saman katakan nan, aka mayar da ita farantan bugu, aka nuna sakamakon a Landan a 2017. Wasu takardun an yanka su an sake ɗinke su da waya, sai hoton ya koma abu mai jiki.

Yadda ake aikin

Ana goge katako sumul, a zana siffar a juye, hagu a dama, a sassaƙe da zurfin wajen milimita 2 zuwa 3. A murza tawada siririya, a ɗora takarda, a goga bayanta da cokali. Idan tudu da kwari ake so a jikin takardar ba tare da tawada ba, sai a jiƙa takarda mai kauri, a tsane ta, a matse da inji.

Hannun da ya saba da gizago yakan yi zurfi fiye da kima, ko ya ci ƙarƙashin layi, layin ya karye da bugu na uku ko na huɗu. Shi ya sa ake karkata wuƙa gindin layi ya fi samansa faɗi. Tawada in ta yi yawa tana cike ƙananan layuka. Da hunturu katako yakan kantare, da damina tawadar mai takan ɗauki kwanaki kafin ta bushe.

Lamba

Ana rubuta lambar kowane bugu da fensir a ƙasan takarda, misali 3/20, wato bugu na uku cikin ashirin.