Me Ya Sa Gishiri Ke Farfashewa, Ƙarfe Kuma Ke Lanƙwasa? Tambayoyi Kan Haɗin Atam

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO yakan haddace sunayen haɗin atam guda uku, wato ayonik da kobalen da na ƙarfe, amma sau da yawa yakan rikice idan aka ce ya bayyana dalilin da ya sa wani abu ke da tauri, wani kuma ke narkewa nan da nan. Amsar tana cikin yadda atam suka riƙe juna.

Me ke sa atam su haɗu tun da farko?

Ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji negatib da ke kewaye tsakiyar atam, waɗanda ke zagayen waje su ne ke shiga haɗi. Atam ɗin iskar niyon da na agon suna da ilektiron 8 a wannan zagaye, shi ya sa da wuya su haɗu da wani abu, sauran atam kuwa sukan kai ga irin wannan tsari ta hanyar bayar da ilektiron, ko karɓa, ko yin tarayya a kansu. Gilbert Lewis na Amurka da Walther Kossel na Jamus ne suka bayyana wannan a shekarar 1916, kowa da nasa binciken. Malamai kan ce atam yana son ya cika takwas, amma wannan sauƙaƙa magana ce kawai. Haɗi yana faruwa ne domin makamashin atam ɗin yakan ragu idan sun haɗu.

Gishiri yana jure wuta sosai, to don me bugu ɗaya ke farfasa shi?

Sodiyam yana da ilektiron 11 a jere 2, 8, 1, kulorin kuma yana da 17 a jere 2, 8, 7. Sodiyam ya miƙa ɗayan nan na waje, sai ya zama ayon mai caji fozitib, kulorin da ya karɓa ya zama mai caji negatib, kuma caji mabambanta suna jan juna, wato haɗin ayonik ke nan. A cikin ƙwayar gishiri kowane ayon na sodiyam yana kewaye da ayon 6 na kulorin, haka kuma kowane kulorin, kuma tsarin ya miƙe ta kowace fuska, don haka sai zafi ya kai digiri 801 na ma'aunin Salshiyas kafin gishiri ya narke. Amma da an sa taɓarya an buga shi, jeri ɗaya yakan gusa kaɗan, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, ƙwayar ta tsage.

Ana iya gwada wani halin nasa da batir da ɗan ƙwan fitila da waya biyu. Idan aka cusa bakin wayoyin cikin busasshen gishiri, fitilar ba za ta kama ba, domin ayon ɗin a ɗaure suke. Da an zuba ruwa gishirin ya narke, sai ayon su sami damar yawo, fitilar ta kawo haske.

Sukari fa, ai kamanninsa ɗaya da gishiri?

A ido kawai suka yi kama. Sukari molekul ne, wato ƙananan rukunonin atam, kowane yana da atam 12 na kabon, 22 na haidirojin da 11 na oksijin, waɗanda suka yi tarayya a kan ilektiron, wato haɗin kobalen. Haɗin da ke cikin molekul ɗin yana da ƙarfi, amma jan da ke tsakanin molekul da molekul bai kai na ayon ba, shi ya sa mai yin alawa ke iya narkar da sukari a kan murhu har ya yi ja. Ruwan sukari ba ya kunna fitilar nan, tun da babu ayon a cikinsa.

Ta yaya daimon da bakin fensir za su zama abu ɗaya?

Dukansu kabon ne zalla. A daimon kowane atam ya riƙe wasu 4 da haɗi mai ƙarfi, saboda haka ake yanka gilashi da haƙa dutse da shi. A girafait, wanda ake cakuɗawa da yumɓu a yi bakin fensir, kowane atam ya riƙe 3 ne kawai, suka shimfiɗu falle-falle kamar takardun littafi, kuma fallen na zamewa ya maƙale a takarda lokacin rubutu. Da yake kabon na da ilektiron 4 a zagayen waje, na huɗu da ya rage yana yawo a cikin fallen, don haka girafait na ɗaukar lantarki, daimon kuwa ba ya ɗauka. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa sanin sunan atam kaɗai bai isa a san halin abu ba.

Me ya sa ƙarfe ke lanƙwasa ba ya tsagewa?

A ƙarfe, ilektiron na waje ba mallakar wani atam guda ba ne, suna yawo tsakanin ayon masu caji fozitib suna riƙe su gaba ɗaya. Idan maƙeri ya sa guduma, jerin ayon ya gusa, ilektiron su bi su, haɗin bai yanke ba. Su ne kuma ke ɗaukar lantarki a wayar jan ƙarfe. Ƙarfin haɗin ya bambanta ƙwarai: alminiyam yana narkewa a digiri 660, abin da ya sa masu zubin tukwane ke iya narkar da tsofaffin gwangwanaye da wutar gawayi, baƙin ƙarfe kuwa sai 1538.

Idan ruwa ya tafasa, haɗin atam ɗinsa ne ya karye?

A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Tururi har yanzu H2O ne. Abin da zafi ya raba shi ne jan da ke tsakanin molekul, wanda ake kira haɗin haidirojin. Oksijin yana jan ilektiron fiye da haidirojin, sai gefe ɗaya na molekul ya ɗan zama negatib, ɗayan fozitib, su riƙa kama maƙwabtansu. Saboda wannan ne ruwa ke tafasa a digiri 100, alhali H2S, wato haɗin haidirojin da salfa, wanda molekul ɗinsa ya fi na ruwa nauyi, yana tafasa a wajen digiri 60 ƙasa da sifili.

Shin kowane haɗi ko dai ayonik ne ko kobalen?

Rabon na sauƙaƙa karatu ne. Linus Pauling, wanda ya sami kyautar Nobel a 1954, ya tsara ma'aunin ƙarfin jan ilektiron, inda fulorin ke sama da kusan 4.0, sodiyam kuma 0.9; gwargwadon tazarar da ke tsakanin atam biyu, gwargwadon yadda haɗinsu ke karkata zuwa ayonik. Haɗin alminiyam da kulorin, duk da cewa na ƙarfe ne da wanda ba ƙarfe ba, ya fi kusa da kobalen, har yakan zama tururi tun a wajen digiri 180.