Kotu ta wanke shi, to ina diyyarsa?

Duk lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin wani da ya kwashe shekaru a gidan yari, sai magana ta tashi a majalisu da zaurukan WhatsApp: wai gwamnati za ta lissafa shekarun da ya yi ta biya shi, har wasu na yanka wa kowace shekara farashi. Wasu kuma cewa suke talaka ba ya ƙarar hukuma, ya gode wa Allah da ya fito da ransa. Duka biyun ba haka dokar Najeriya take ba.

Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, yana da haƙƙin a biya shi diyya, a kuma fito fili a ba shi haƙuri. Kowa ya shiga ciki, ɗan ƙasa da baƙo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wace tsarewa ce ta saɓa wa doka. Idan 'yan sanda suka ajiye mutum makonni a ofishinsu ba su kai shi gaban alƙali ba, alhali tsarin mulki kwana ɗaya ya ba su in akwai kotu cikin kilomita 40, wannan a fili yake. Amma wanda aka yi wa shari'a, alƙali ya same shi da laifi ya sa hannu aka kai shi gidan yari, sashe na 35(1)(a) ya halasta tsare shi. Ko da bayan shekara 15 kotun sama ta gano shaidar ƙarya ce ta kai shi, lauyoyin gwamnati za su ce umarnin kotu aka bi. Shi kuwa alƙali ba a ƙararsa kan hukuncin da ya yanke. Ke nan wanda ya kwana bakwai a bayan kanta ya fi wanda ya tsufa a kurkuku saukin samun diyya. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Mutum ya fito ya tarar an sayar da gonarsa wajen biyan lauya, 'ya'yansa sun girma da sunan 'ya'yan ɗan fashi, sannan a ce masa kowa ya yi aikinsa daidai.

Afuwar gwamna ko ta shugaban ƙasa ma ba wankewa ba ce, kuma ba ta zuwa da ko sisi.

Masu cewa akwai dokar duniya ba su yi ƙarya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta tanadi diyya a sashe na 14(6) ga wanda sabuwar hujja ta nuna an zalunce shi a shari'a. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma wannan ba a mayar ba.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ɗora wa gwamnatin Jihar Oyo biyan iyalan Nasiru Bello, wanda aka zartar wa hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Haka wanda zai iya nuna cewa da gangan aka ƙulla masa sharri, ba tare da wani dalili ba, yana iya ƙarar waɗanda suka ƙulla. Idan kuma an azabtar da shi don ya amsa laifi, ko an ci gaba da riƙe shi bayan kotu ta sallame shi, sai ya nufi Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki. Ƙa'idojin 2009 na kare haƙƙin ɗan Adam sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara.

Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato sai ka nemi izini daga ɓangaren da ka kayar. Don haka kada iyali su ci bashi da sa ran diyya. Su fara karɓo kwafin hukuncin mai ɗauke da hatimin kotu, da takardar sallama daga gidan gyaran hali, su kai wa lauya. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a ofishinsu na jiharsa.